Babi na Bakwai: Sa'ad da Wuta Ta Dawo

Duk mai shagon ɗab'i ko fotokofi a Diffa ya san yadda ɗaukewar wuta take: fanka ta rage gudu, ondiler, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ta fara kuka, yaron shago ya ce kuran ya tafi, masu jiran takardunsu su ja tsaki su koma inuwa. Ba kasafai inji ke mutuwa a wannan lokacin ba. Ajalinsa ya fi zuwa bayan awa ɗaya ko uku, sa'ad da yaran unguwa suka ɗauki ihun an kawo wuta, alhali na'urorin shagon duk suna jone, maɓallansu a kunne, mai shago kuma ya tafi masallaci ko cin abinci. Mun yi maganar zaɓen inji da kuɗin sayensa a babin da ya gabata. Wannan babin na yadda za a hana wuta cinye wannan jarin ne, kuma a gari irin Diffa ina ganin ya fi wancan muhimmanci.

Wutar Nijar shiyya-shiyya ce. Yamai da Dosso da Tilaberi suna sha daga layin Birnin Kebbi, wanda ke ɗauko wutar madatsar Kainji. Maraɗi da Damagaram suna sha daga layin Katsina da ya biyo ta Gazawa. Agadas na da gawayin ƙasa na Anu Araren na kamfanin SONICHAR. Diffa, mai nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, tata hanyar daban ce: ƙaramin layi mai kilobolt 33 da ya tsallako kogin Komadugu daga Damasak a jihar Borno. Boko Haram ta kama Damasak a watan Nuwamba na 2014, ta kai wa Bosso da Diffa hari ranar 6 ga Fabrairu 2015, daga nan wannan layi ya daina zama abin dogaro, nauyin garin ya koma kan injunan gazuwal na kamfanin wuta NIGELEC. Da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗani abin da mutanen gabas suka daɗe da sabawa da shi. Gazuwal ɗin ma tafiya yake yi kafin ya iso: a haƙo ɗanyen mai a Agadem, cikin jihar Diffa kanta, a tura shi ta bututu zuwa matatar SORAZ kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, sannan ya dawo a tanka ta kan babbar hanya, tafiyar fiye da kilomita 400.

Wannan tarihin yana shiga har cikin shago. Garin da ƴan injuna kaɗan ke ɗauke da shi wutarsa ba ta da nauyin da za ta tsaya cak. Idan wani babban kaya ya hau layi, ko inji ɗaya ya tsaya, kowa sai ya ji a jikin ƙwan fitilarsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kowane gida ya kunna fanka da firiji, buƙata takan fi abin da ake samarwa, sai a riƙa raba wutar unguwa-unguwa. Ma'anar wannan ga mai shago ita ce a yini ɗaya za a iya yanke masa a mayar masa sau da yawa, kuma kowace mayarwa da nata haɗarin. A daƙiƙun farko ƙarfin wutar yakan yi tsalle sama, sannan ya faɗi ƙasa domin firiji da famfunan ruwa na unguwa duka sun taso lokaci guda, wani lokaci ma ta sake ɗaukewa kafin minti ɗaya ya cika. Injin fotokofi da ya fara ɗumama kansa a cikin wannan hargitsi yana shan duka uku a jere.

Iyayenmu malaman makaranta ba su san wannan damuwa ba. Da roneyo suke buga takardun jarrabawa, a ɗaura sitensil a juya da hannu, ko da wuta ko babu. Injunan yau sun fi shi sauri da tsabtar aiki nesa ba kusa ba, sai dai kowannensu na ɗauke da kati mai ƙananan kayan lantarki da ba sa jure wasa. Kuma idan katin ya ƙone a Diffa, ba a kasuwar gari za a samo shi ba. Da can Maiduguri ce kasuwar kusa. Yanzu sai a aika Damagaram ko Kano ko Yamai, a jira mota, a yi fatan an turo wanda ya dace. Wanda ya yi aiki a shekarun da aka rufe iyakar Najeriya, daga Agustan 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin 2023, ya san inji kan yi wata da watanni a lulluɓe saboda kati ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Kuɗin katin ƙarami ne a kan aikin da ya wuce: takardun ɗaliban Jami'ar Diffa, katunan biki, fom-fom na ƙungiyoyin agaji, jarrabawar ƙarshen zango ta makarantu. Mai kawo aiki ba ya jira, shagon gaba yake wucewa.

Na'urorin shago ba halinsu ɗaya ba, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a jera su duka a kan ralonji guda a ce an gama. Akwai masu zafi. Injin fotokofi da firinta mai lesa suna da murhu a ciki, wanda masu gyara ke kira fur, da ke narkar da garin tawada ya manne a takarda a zafin da ya kusa digiri 200. Babban inji mai buga A3 yakan ja har wat 1,500 sa'ad da yake ɗumama, ya sauka, ya sake ja. Idan wuta ta ɗauke takarda na cikin murhu, takardar za ta maƙale, yaro mai gaggawa kuma ya fizge ta da ƙarfi ya yage fatar murhun. A buɗe ƙofar gefe, a saki maƙallan, a jawo ta a hankali ta inda take tafiya. Irin waɗannan injuna ba a ɗora su a kan ƙaramar ondiler. Wadda aka rubuta wa 650 VA, abin da take iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Fotokofi zai durƙusar da ita a tashin farko, wani lokaci ya tafi da kwamfutar da ke jone tare da shi.

Akwai kuma masu ruwan tawada, tun daga ƙaramar Epson ta kan tebur har babban injin buga bash da bandirol. Waɗannan ba su cin wuta da yawa, amma su ne ɗaukewar wuta ke yi wa illa kai tsaye. Idan aka kashe injin ta maɓallinsa, kan da ke fesa tawada yakan koma mazauninsa, wata roba ta rufe bakinsa don kada iska ta shiga. Idan wuta ce ta yanke, kan yakan tsaya a tsakiyar hanya, baki buɗe. A busasshiyar iskar Diffa, musamman lokacin hunturu da bazara, tawadar ba ta daɗewa take bushewa a cikin ƙofofin da suka fi gashin kai siranta. Kan babban inji na daga cikin mafi tsadar kayansa. Saboda haka a nan ne ondiler ke da amfani na gaske: minti biyar zuwa goma da za ta bayar sun isa a tsayar da aiki, kai ya koma gida, a kashe inji yadda ya kamata. Wanda ke da injin bash, in zai iya, ya nemi irin ondiler ɗin da ke sarrafa wutar gaba ɗaya ta cikin batir koyaushe, wadda ba ta da ɗan tsaikon sauyawa. Tana da tsada, amma ba ta kai kuɗin kai biyu ba. In kuma babu ondiler sam, kowa a shagon ya koyi yadda ake tura kan da hannu zuwa mazauninsa bayan an cire filogi.

Kwamfuta kuwa, laptop ta riga ta zo da batirinta. Ta tebur ita ke buƙatar ondiler. Kuma aikin mutane, musamman kundin ɗalibi da ya kwashe watanni yana rubutawa, a ajiye kwafinsa a wuri na biyu tun kafin a fara gyara shi.

Yanzu ga abin da nake so mai karatu ya tsaya a kansa sosai, domin shi ne ke share shago a dare ɗaya. Taransifoma na unguwa yana fitar da wayoyi huɗu: faz uku da nitir ɗaya. Tsakanin kowace faz da nitir akwai bolt 220, wanda shi ne abin da na'urorinmu ke so. Tsakanin faz da faz kuwa bolt 380 ne. Kowane gida ko shago yana ɗaukar faz ɗaya da nitir. Idan nitir ta tsinke a kan fol, ko ta saki a inda aka ɗaure ta saboda tsatsa ko iska ko zafi, wutar ba ta ɗaukewa. Gidajen da ke kan faz daban-daban sai su koma suna raba 380 ɗin a tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne: wanda ya kunna kaya masu nauyi wutarsa ta yi ƙasa, wanda ke da ƴan na'urori marasa ci ya sami kusan duka. Alamarta a bayyane take ga wanda ya sani. Ƙwan fitila ya yi wani irin haske fari fat, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi, maƙwabci kuma yana kukan tasa wutar ta zama ja. Wanda ya ga haka kada ya tsaya kashe na'urori ɗaya bayan ɗaya. Ya ruga ya sauke disjonkter na wajen konter, sannan ya sanar da NIGELEC da maƙwabta.

Regilater, wadda a Najeriya ake ce wa sitabilaiza, ba ta maganin wannan. An yi ta ne don ta ɗaga wuta idan ta yi ƙasa, ta rage ta idan ta ɗan hau, a cikin iyakar da aka rubuta a jikinta. Abin da ya haura iyakar, ko ta yanke in mai kirki ce, ko ta ƙone tare da abin da take karewa. Ralonji mai fitila da ake sayarwa da sunan yana kare tsawa shi ma haka: ɗan abin da ke cikinsa yana shanye tsalle na ƙiftawar ido ne, kuma kowane tsalle yana rage masa rai har ya mutu ba tare da kowa ya sani ba, fitilar na ci gaba da ci. Abin da ke tsayawa a gaban tsinkewar nitir wata ƴar na'ura ce da ake ɗaurawa a akwatin wuta bayan disjonkter, mai nuna lambar bolt a fuskarta. Ana saita mata iyaka, misali ta yanke idan wuta ta sauka ƙasa da 180 ko ta haura 250, a kuma saita mata jinkiri: idan wuta ta dawo, ta jira minti biyu ko uku tana kallo kafin ta buɗe wa shago. Wannan jinkirin kaɗai yana kawar da mafi yawan haɗarin da muka faro da shi. Kuɗinta bai kai na kwalin tawada mai kyau ba. A ganina, duk mai shirin buɗe shagon ɗab'i a Diffa ko Maine Sorowa ko Gigimi, ita ya kamata ya fara saya, kafin regilater, kafin ondiler, kafin ma allon sunan shago.

Regilater tana da wurinta, musamman ga shagon da ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma, inda da rana tsaka wuta ke sauka har fotokofi ya ƙi tashi ko ya riƙa fitar da takardar da tawadarta ke gogewa da yatsa. Sai dai a saye ta da lissafi. Lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce, kuma idan wutar da ke shigowa ta yi ƙasa sosai, abin da take iya ɗauka yana ƙara raguwa. Inji mai wat 1,500 a ba shi ta 3,000 VA shi kaɗai, in an sami ta 5,000 ya fi. Mai ƙas-ƙas ɗin nan da ke tsalle mataki-mataki ta isa ga ƙananan kaya. Babban inji ya fi son mai mota a ciki, wadda ke juyawa a hankali. Araha dai ba ta ado.

Duk waɗannan akwatuna a kan waya suke zaune, kuma waya ce ba a son kashe wa kuɗi saboda ba a ganinta. Shaguna da yawa ɗakunan haya ne da aka ja musu siririyar waya don ƙwai ɗaya da fanka. A ja wa fotokofi tasa wayar daga akwati, mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da nasa disjonkter, da soket mai kama filogi tsam. Soket mai sako-sako yana tartsatsi a ciki, yana zafi, kuma illar da yake yi wa kati a hankali ba ta gaza ta wutar gari ba. Sai wayar ƙasa. Idan babu ita, na'urar kare tsawa ba ta da inda za ta zubar da abin da ta kama, jikin inji kuma yana iya jan mutum. Matsalar Diffa ita ce yashi: busasshen yashi ba ya karɓar wuta, don haka ƙarfe ɗaya gajere da aka soka a bakin ƙofa suna ne kawai. Shagunan da ke kusa da kwarin Komadugu, inda ƙasar ke da laka da danshi, sun fi sa'a. Na kan tudu sai su haƙa da zurfi, su kafa ƙarfe biyu ko uku a haɗa su, a wurin da ruwa ke zuba kullum, kamar inda ake alwala. Masu aikin wuta sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, amma gishiri na cin ƙarfe, saboda haka a riƙa tonawa ana duba maɗaurin duk shekara kafin damina.

Daminar gajera ce, daga wajen Yuli zuwa Satumba, amma hadarinta da ƙura da iska yake fara zuwa, wayoyi su riƙa haɗuwa a sama, sannan tsawa. Babu wata na'ura da ake sayarwa a kasuwa da za ta tare tsawar da ta faɗa kusa. Idan gabas ta yi baƙi, a kashe, a cire filogi daga bango, a cire har wayar intanet da ke shiga kwamfuta, domin ta nan ma wuta ke biyowa. Kuma tunda Komadugu ta nuna a 2019 da 2022 cewa tana iya shigowa unguwanni, kada a bar regilater da batir da kwalayen takarda a ƙasa.

Gurup, wato janareto, shi ne mafitar kowa, kuma ya kashe injuna da yawa da aka ɗora wa wutar gari laifinsu. Ƙaramin nan mai haɗa fetur da baƙin mai na fitila da cajin waya ne. Wutarsa hawa da sauka take yi da kowane numfashin injin. Fotokofi yana son gurup da ya ninka cinsa aƙalla sau biyu, mai na'urar daidaita bolt a ciki. Yadda ake tashinsa da kashe shi ma rabin kariya ne. A tayar da shi babu kaya a kansa, a bar shi ya daidaita, a juya makunnin sauya layi, sannan a kunna na'urori, babba da farko. Wajen kashewa a bi ta baya: na'urori, makunni, sannan gurup. Mafi muni shi ne a bar mai ya ƙare yana cikin aiki, domin a wannan shaƙewar da yake yi kafin ya mutu wutarsa takan yi hauka. Makunnin sauya layi kuwa wajibi ne. Wanda ya soka wayar gurup kai tsaye a soket ɗin bango yana tura wuta zuwa layin gari, inda wataƙila ma'aikaci na kan fol yana gyara da yaƙinin babu wuta. Idan kuma ta gari ta dawo ta tarar da ta gurup, sai gobara. Gurup a waje yake zama, ko da ana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki ba tare da an ji warin abin da ke kisan ba.

Rana ita ce abin da Diffa ba ta rasa ba, kuma shagon ɗab'i da rana yake aiki, don haka farantin hasken rana da inbata sun dace da sana'ar ƙwarai. Kwamfutoci, firinta mai ruwan tawada, injin Riso da ba shi da murhu, fitilu da fanka, duk ƙaramin tsari zai ɗauke su yini guda. Fotokofi ne ke buƙatar inbata babba, kuma lallai ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta gari. Mai araha da ke fitar da wuta mai kusurwa tana sa inji gurnani da zafi. Wasu masu shaguna sukan mayar da yawancin aikin baƙi da fari kan firinta mai tankin tawada saboda wannan dalili, kuma lissafinsu daidai ne. Abokin gabar tsarin shi ne zafi. Batir mai dalma an auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu. A ɗakin kwano a watan Mayu, batirin ondiler da aka ce zai yi shekara huɗu da wuya ya ga ta biyu, kuma ba ya sanarwa: ranar da ake buƙatarsa ne zai yi ƙara ɗaya ya mutu. Gwajinsa ba wuya. Sau ɗaya a wata, a adana aiki, a cire filogin ondiler daga bango, a duba agogo. Idan ba ta riƙe minti biyar ba, batirin ya tashi aiki. Batirin litiyom ya fi jure zafi da yawan caji, ga wanda aljihunsa ya kai. Kowanne ne dai, a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a kuma riƙa busa ƙurar hunturu daga ƙofofin iskar inbata da na injuna.

Abin da ya rage na mutane ne. Mai shago ba koyaushe yake nan ba. Yaran da ke koyon aiki su ne ke tsaye a gaban inji lokacin da abin zai faru. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaunar da su tun ranar da suka fara, a nuna musu disjonkter da hannu, kowa ya sauke ya ɗaga ya ji nauyinsa. A rubuta a manna a bango kusa da akwatin wuta: wuta ta ɗauke, a kashe fotokofi ta maɓalli a cire filogi, wuta ta dawo, a duba lambar bolt, a jira, sannan a kunna ɗaya bayan ɗaya, za a rufe shago, a sauke komai. Kuma kada a yi wa yaro faɗa don ya sauke wuta a kan zargin da bai tabbata ba, domin in an yi masa sau ɗaya, ranar da nitir ta tsinke da gaske zai tsaya neman izini.

Malam mai shago, kafin ka juya zuwa babi na gaba, ka tashi ka buɗe akwatin wutarka. Idan babu na'urar yanke wuta mai jinkiri a ciki, kuma babu koriyar waya da ta gangara ƙasa, kira mai aikin wuta a wannan makon, tun zafi bai kama ba.